Yadda Ake Kula Da Raunin Wasa, Daga Fili Zuwa Ɗakin Gashin Ƙashi

Yawancin filayen da matasa ke buga ƙwallo a unguwannin Kano busasshiyar ƙasa ce mai tsakuwa da ramuka, ba irin shimfiɗar filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, saboda haka ba abin mamaki ba ne targaɗen idon sawu ya zama raunin da aka fi gani. Yana faruwa ne idan ƙafa ta turguɗe, tafin ya juya ciki, jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar ta gefen waje suka miƙe fiye da ƙima ko suka yage. Abin da aka yi a kwana ukun farko, da kuma atisayen da ya biyo baya, su ne ke raba wanda zai warke sarai da wanda ƙafarsa za ta riƙa turguɗewa duk bayan 'yan watanni.

Da farko a fitar da ɗan wasan daga fili, ko da ya dage cewa zai iya ƙarasawa, domin jiki mai ɗumi yakan ɓoye ciwo. Sai a gwada abu biyu: a ga ko zai iya taku huɗu a kan ƙafar, sannan a danna ƙashin idon sawun ta bayansa, ciki da waje. Idan ya kasa takun, ko ya zabura da aka taɓa ƙashin kansa, ko kuma ƙafar ta sauya siffa, to ana zargin karaya ko tsagewa, kuma hoton ƙashi ne kaɗai zai raba gardama. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, don irin wannan aka kafa shi.

Idan babu waɗannan alamu, magani na farko sanyi ne. A naɗe ƙanƙara a tawul ko tsumma mai tsabta, ko da daskararren fiya wata ne daga wajen masu firiza, a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita duk bayan awa biyu ko uku na tsawon kwana biyu. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye, don tana ƙona ta. A naɗa bandeji mai talewa daga tushen yatsu zuwa tsakiyar ƙwauri, a kuma ɗora ƙafar bisa matashi yadda za ta fi ƙirji tudu idan an kwanta. A nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, domin abin da hannu ke fara kaiwa gare shi man zafi ne da ruwan zafi da murza. Duka ukun suna ƙara kwararar jini zuwa wurin da ya yage, sai gari ya waye ƙafar ta yi suntum. Gashi da ɗumi yana da ranarsa, amma sai bayan kwana uku, lokacin da kumburi ya fara saɓewa.

Game da masu ɗori, waɗanda mutane da yawa ke fara zuwa wurinsu, abin da za a kiyaye shi ne ɗauri mai tsanani. Duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, suka dushe, ko suka daina jin taɓi, to ya tare jini, kuma a kwance shi nan take a nufi asibiti, domin ta wannan hanya ce ake rasa ƙafa ko hannu a kan raunin da bai kai ya kawo ba.

Aikin likitan gashi, wato mai farfaɗo da gaɓoɓi da tsoka bayan rauni, yana farawa ne daga inda mutane ke zaton an gama. Sunan ya sa wasu na ɗauka cewa fitila mai zafi da na'urar da ke tsikarar tsoka su ne maganin, alhali waɗannan rage ciwo kawai suke yi, ainihin maganin motsi ne da ake ƙara masa nauyi sannu a hankali. A makon farko zai sa majinyaci ya zauna ya riƙa rubuta haruffa a iska da babban yatsan ƙafa, don kada gaɓar ta sandare. Daga nan sai jan roba mai faɗi zuwa kowane gefe, sai ɗagawa a kan yatsu ana dafe da bango. Matakin da aka fi tsallakewa shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, da farko ido buɗe, daga baya a rufe, daga baya kuma a kan matashi. Dalilinsa shi ne targaɗe yana raunana saƙon da gaɓa ke aika wa ƙwaƙwalwa game da inda ƙafa take, kuma idan ba a sake horar da wannan ba, ɗan ƙaramin rami ma zai maimaita raunin. Ana samun sashen gashi a Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma yawancin atisayen a tsakar gida ake yinsu bayan an koya.

Gwiwa ta fi wannan nauyi. Idan ɗan wasa ya juya a kan ƙafa ɗaya ya ji wani abu ya yi ƙas, gwiwar ta kumbura cikin 'yan awanni, daga baya kuma ta riƙa zillewa idan ya taka, akwai yiwuwar jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke. Hoton ƙashi ba ya nuna ta, sai gwajin likita da hoton MRI mai nuna jijiyoyi da tsoka, kuma wanda aka yi wa aiki yakan yi kimanin wata tara yana gashi kafin ya koma gasa. Yagewar tsokar bayan cinya, wadda ke kama mai gudu kamar an jefe shi da dutse, ba a miƙar da ita da ƙarfi a kwanakin farko. Kafaɗar da ta goce, abin da ke samun masu tsaron gida da 'yan dambe, ba a bari abokai su ja ta a fili, sai a rataye hannun a tafi asibiti. Wanda kuwa ya bugu a ka har ya ga jiri, ko ya rikice, ko ya yi amai, ba ya komawa wasa a wannan rana ko da ya ce ya wartsake.

Gushewar ciwo ba ita ce alamar komawa fili ba. Ƙaramin targaɗe yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa uku, matsakaici kuma ya kai mako shida, amma kafin a ɗaura takalmi a gwada tsalle da ƙafar mai ciwo sau goma, a yi gudu a miƙe, sannan a yi gudu ana karkacewa hagu da dama. Idan an yi duka babu ɗingishi, kuma ƙafar ba ta kumbura washegari ba, sai a fara da rabin lokacin atisaye, da bandeji ko maɗaurin roba mai riƙe idon sawu a makonnin farko.