Yadda matashin likita zai shirya wa jarrabawar ƙwarewa a Yamai

Likitan da ya kammala karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, yake kuma son shiga karatun DES, wato difloma ta ƙwarewa a wani fanni na likitanci, ya kamata ya fara zaɓen fanni guda, ko tiyata, ko lafiyar yara, ko haihuwa, domin mai raba hankali biyu ba ya zurfafawa a ko ɗaya.

Bayan haka ya koma kan ilmin sassan jiki da yadda suke aiki, yana rubuta amsa da hannu cikin Faransanci yana duba agogo, saboda sanin abu daban, iya tsara shi a takarda cikin ƙayyadadden lokaci kuma daban.

A ganina, ɗakin marasa lafiya ya fi kowane littafi koyarwa. Yaron da aka kawo Babban Asibitin Yamai da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a damina, ko mai juna biyu da jininta ya hau a asibitin haihuwa na Issaka Gazoby, kowanensu darasi ne; a karanta babinsa washegari, bayan an yi barci, domin karatu a kan gajiyar aikin dare ba ya zama a kai.

Tsoffin tambayoyi kuwa, a nema wajen magabata tun da wuri.