Harbin zomo a gona: kurakuran da muke ta maimaitawa a Filato

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ciyawar daji ta fara bushewa, duk wani mai lambu a gefen tsofaffin kududdufan kuza, daga Bukuru har Barikin Ladi, ya san baƙon da zai fara kwana masa a gona. Daji ya bushe, kabeji da latas da karas kuwa sun yi kore shar, to ina zomo zai nufa? Ka dasa da yamma, ka dawo da safe ka tarar an aske maka rabin kunya. A nan ne mutum yake tuna cewa akwai bindiga a gida, ko a gidan wani ɗan'uwa. Ni ma manomi ne, na san wannan zafin ran. Amma na daɗe ina bin maharba tun ina yaro, kuma abin da na lura shi ne yawancin ɓarnar da ake yi a harbin zomo, an gama yin ta tun kafin yatsa ya taɓa kunamar bindiga.

Na farko ma, mutane da yawa suna ɗora wa zomo laifin da ba nasa ba. Kafin ka ɗauki bindiga, tsuguna ka dubi shukar. Zomo yana da haƙoran gaba masu kaifi sama da ƙasa, yana yanke kara a karkace, tsaf, kamar an sa reza. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, fizga suke yi, shi ya sa ganyen da suka ci yake zama a yayyage. Kashin zomo ƙwallo-ƙwallo ne, busasshe, in ka murtsuke shi sai ka ga ɓurɓushin ciyawa. In kuwa gyaɗa aka tone maka da rana tsaka, nemi kurege. In rami ka gani a gindin kunya da tulin ƙasa a bakinsa, gafiya ce. Wannan na ramin yana da muhimmanci, domin zomon dajinmu ba ya haƙa rami kamar na gida da ake kiwo a keji. Shi ɗan gurbi yake yi a gindin ciyawa ko ƙarƙashin kurmi ya lafe, launinsa ya saje da ƙasa. Wanda ya kwana gadin bakin rami da bindiga yana jiran zomo, sanyin Jos kawai zai sha.

To, a ce ka tabbatar zomo ne. Kuskuren da ya fi kowane tayar mini da hankali shi ne kallon zomo a manta da abin da ke bayansa. Zomo ɗan ƙaramin abu ne, harsashi kuwa ba ya tsayawa don ya kuskure shi, kuma ko ya same shi yana iya ratsawa ya wuce. Ƙaramin harsashin raifil da ake kira .22, wanda mutane ke rainawa, yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi in aka ɗaga bakin bindiga. Ka tsaya a gonarka ka ƙiyasta abin da ke cikin wannan tazarar: gidaje nawa, rugar makiyaya, hanyar da mata ke bi zuwa itace, yara masu dawowa daga makarantar allo, wani mai ban-ruwa da ya duƙa a cikin kabejinsa ba ka ganinsa. Ita ma bindiga mai baki biyu da ke watsa ƙwayoyin dalma, ƙwayoyin suna kai mita 200 da ɗoriya, kuma ƙwaya guda ta isa ta tsiyayar da ido.

Ƙasarmu ta Filato tana da nata haɗarin na daban. Duwatsu ne ko'ina, manya da ƙanana, wasu a binne sai ɗan doronsu a waje. Harsashi in ya daki dutse a karkace, tsalle yake yi ya canza hanya, kuma babu maharbin da zai iya cewa ga inda zai faɗa. Haka ruwa yake yi. In ka harba ƙasa-ƙasa a kan kududdufi, harsashin yana iya tsallake fuskar ruwan kamar yadda yara ke cilla faffaɗan dutse, ya sauka a lambun da ke tsallake. Gyaran wannan shi ne ka zaɓi wurin tsayuwa tun da rana, ido na ganin gari. Nemi inda za ka kasance a ɗan sama, kana harbi ƙasa, bayan zomon kuma ƙasa ce mai laushi ko tudun jar ƙasa irin wanda masu haƙar kuza suka bari. Zomon da ya tsaya a ƙoƙon tudu, babu komai a bayansa sai sararin sama, haramun ne a gare ka ko da kabejinka ne a bakinsa. Ka ƙyale shi, gobe ma zai dawo.

Shekarun baya na ga yadda wannan yake ƙarewa. Wani matashi a unguwarmu ya harbi zomo da magariba, ƙwayoyin suka daki falalen dutse, biyu suka shiga cinyar wani dattijo da ke naɗe tiyon ban-ruwa a gonar maƙwabta. Allah ya kiyaye rai, amma jinya ta ci kuɗin kabejin wannan shekarar kaf, kuma gidajen biyu sun daɗe ba sa gaisawa da daɗin rai. Da aka zauna gaban mai unguwa, abin da yaron ke ta maimaitawa shi ne, "Wallahi Baba ban gan ka ba." Gaskiya ya faɗa. Bai gan shi ba, kuma bai duba ba.

Daga nan sai batun dare da tocila. Zomo da dare yake kiwo, don haka mutane ke ɗaura fitila a goshi su fita. In haske ya daki ido sai ka ga ƙyalli a cikin duhu, zuciya ta buga, a saki wuta. Amma ƙyallin ido ba shaida ba ne. Kare yana yi, kyanwa tana yi, ɗan akuya da ɗan maraƙi suna yi, kuma gilashin agogo ko madubin babur da aka jingine suna iya ruɗar ka. Wasu maharba za su ce maka suna gane zomo da jan idonsa. Ko da haka ne, ni dai ban yarda mutum ya rataya ran wani a kan launi ba. In ba ka ga dogayen kunnuwan ba, ba ka ga jikin gaba ɗaya ba, babu harbi. A watannin Disamba da Janairu ma hazo kan sauko, hasken tocila ya riƙa dawo maka fari fat, taku goma ba ka gani.

Akwai kuma abin da duk ɗan Filato ya sani ba sai an faɗa masa ba. Ƙarar bindiga da tsakar dare a nan ba ƙaramin abu ba ne. Mun ga hare-haren da aka kai a ƙauyukan Riyom da Bokkos da Mangu, mutane suna barci da ido ɗaya. Harbi guda a kan zomo yana iya sa mata su kwashi yara su shiga daji, ya sa 'yan banga su fito, ya sa jami'an tsaro su ɗauke ka a matsayin wani abu daban. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba da gari ya fara wayewa, ko da la'asar sakaliya kafin duhu, lokacin da zomo ke fitowa ko komawa. Kuma ka sanar. Ka gaya wa mai unguwa, ka gaya wa shugaban 'yan banga, ka gaya wa maƙwabtan gona ko wane yare ne su, ka leƙa ruga ka gaya wa Arɗo. In garinku akwai Sarkin Baka, wato shugaban maharba, shi ne ma farkon wanda ya kamata ya ji. Gonar da ba taka ba kuwa, sai da izinin mai ita, ko da zomon daga taka ya tsallaka.

Takarda ma ana wasa da ita. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, sai kuma bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, wadda lasisinta ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ka ga ko adakar da ka gada wurin kakanka tana buƙatar takarda. Lasisi kuma na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, don haka aron bindigar yayanka ba ya sa takardarsa ta rufe ka a shingen bincike. In ba ka da ita, kira maharbin da ke da ita ku yi ciniki.

Yanzu ga harbin kansa. Mafi yawan masu kuskure suna harbi ne daga nesa fiye da ƙarfin bindigarsu. Mai baki biyu, in ya wuce taku 30 zuwa 35, ƙwayoyin sun riga sun baje, sai dai ka karya masa ƙafa ya ja jiki ya mutu a kurmi bayan kwana biyu. Bindigar iska ma kada ta wuce wannan, kuma ita sai a kai. Wannan azabtar da dabba ne, ga asarar nama. Kafin ka fita, kafa kwali a gaban tudun ƙasa, ka auna taku 25, ka harba sau uku ka ga inda take kaiwa. Bindigar da ta sha girgiza a kan babur a hanyar Mangu, saitinta ba lallai ya zauna inda ka bar shi ba. Ka dafa ta a kan wani abu, buhun ƙasa ko sanda mai reshe biyu, ka auna kai ko bayan ƙafar gaba, ka matsa kunama a hankali ba fizga ba.

Kuma kada ka bi zomo mai gudu da raifil. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma wannan maganar masu kare da gora ce. Zomo yana gudu ne yana kaucewa dama da hagu, kai kuma kana juya bakin bindiga kana binsa, ba ka san inda ya kai ka ba, wataƙila kan abokin tafiyarka. Tsofaffin maharba ɗan fito suke yi masa. Sau da yawa in bai firgita sosai ba yakan tsaya ya miƙe kunnuwa don ya ji daga ina, wannan daƙiƙar ce taka. Ka zauna iska na busowa daga gare shi zuwa gare ka, ka rage motsi, domin idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa.

Masu bindigar toka, ku ji tsoron Allah da ɗurin albarushi. Ƙara ma'auni don ta yi ƙarfi shi ne ya raba mutane da yawa da yatsunsu. Haka ma in bakin bindiga ya caki laka a bakin kududdufi, ko wace iri ce, a tsaya a share kafin a harba, in ba haka ba tana iya tsagewa a hannu. Wurin tsallake shingen kyarana ko kwalbati, a cire harsashi tukuna. A gida kuma bindiga wuri daban, harsashi wuri daban, a kulle, ba a bayan ƙofa inda yaro zai kai hannu ba.

Cinna wa daji wuta don a koro zomo, wannan ba zan ja shi da tsawo ba. Iskar hunturu ba ta da linzami. Zomo ɗaya bai kai tarin acca ko masarar wani da ba a kwashe ba, bai kai abincin shanun da za a ƙone ba, kuma mun san irin rigimar da ke biyo baya. Guba ma haka, kare da kaji da shaho ne za su ci, wani lokacin ma mutum ya tsinci mushen ya kai gida.

In Allah ya ba ka sa'a, aiki bai ƙare ba. Ga Musulmi, naman zomo halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa sun kamo zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka, ya aika wa Manzon Allah (SAW) cinyoyinsa, ya karɓa. Abin da ake mantawa shi ne bisimilla a lokacin sakin harbi, da kuma wuƙa mai kaifi a aljihu, domin in ka tarar da shi da sauran rai wajibi ne ka yanka nan take. Ka farke ciki ka fitar da hanji da wuri, musamman in harsashi ya fasa tumbi, kada ka cusa shi a leda da ɗuminsa ka ɗaure. Ka bi ramukan ƙwayoyin dalma ka ciro su, ka yanke naman da ya dagargaje a gefensu ka yar, saboda dalma guba ce, ta fi illa ga yara da masu ciki. Zomon da ka tarar a sanyaye ba ya gudun mutum, ko hantarsa da ɗigo-ɗigon fari, binne shi ya fi. Ka wanke hannu da sabulu, ka duba jikinka saboda kaska, naman kuma ya dahu sosai.

Da damina ni ba na harbi sam. A lokacin ne ake yawan cin karo da mace mai ciki ko mai shayarwa. Ita takan bar 'ya'yanta a lafe cikin ciyawa, ta zo ta shayar da su na ɗan lokaci ta tafi, in ka kashe ta ka kashe su da yunwa ba ka sani ba. Ga shi kuma masara da dawa sun yi tsawo, ba ka ganin wanda ke bayansu. Da rani ma, inda zomo ya fi yi mini ɓarna shi ne wurin rainon iri da makonnin farko bayan dashe. Bara na kewaye wurin rainon da wayar kaji mai tsawon mita ɗaya, na danne gindinta da duwatsu, na share ciyawar gefen gona inda yake lafewa. Kuɗin wayar bai kai na kwalin harsashi biyu ba, kuma bana ita zan sake warwarewa in kafa.