Idan Alƙalami Ya Cije: Kurakuran Sababbin Marubuta Wajen Neman Taimako

Na gaji da ganin abu ɗaya yana ta faruwa. Matashi zai fara labari da zafinsa, ya kai babi na biyar ko na shida, sai alƙalami ya cije. Zai nemi 'yan'uwa marubuta su kama masa, kuma hakan daidai ne. Amma yadda yake neman taimakon shi ke kashe labarin.

Babban kuskuren shi ne mutum ya kwashi rubutun da bai kammala ba ya zube gaban jama'a ya ce, "Malamai, ku duba ku faɗi ra'ayinku." Me kake so su ce? Wannan zai nuna maka inda ka haɗa kalmomin da ya kamata a raba, wancan zai ce sunan jarumar bai kwanta masa ba, wata kuma ta ce buɗewar ta yi sanyi. Kowa zai gyara abin da idonsa ya gani, alhali ciwonka yana cikin abin da ba ka rubuta ba tukuna. Ta wannan hanyar na rasa littafi sukutum. Babin farko ya sha gyara har ya yi ƙyalli, babin da na maƙale a kansa kuwa bai taɓa zuwa duniya ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ƙirƙira aiki ne daban, tacewa aiki ne daban. Wanda ya fara tacewa ana tsakiyar ƙirƙira, tsoro ne zai riƙe masa hannu.

Abin da nake yi yanzu: mutum ɗaya tak nake nema, kuma ba na ba shi takarda. Da baki nake ba shi labarin. Aikinsa tambaya kawai: me jarumar take so? Wa ya hana ta? Me za ta rasa idan ta haƙura? Duk inda ka ji harshenka ya fara in'ina, ka tsaya, nan ɓarakar take. Sau da yawa ba a shafin da ka tsaya take ba, tana can baya, inda ka tilasta wa wani cikin taurarin labarin ya aikata abin da ba halinsa ba ne.

Kuskure na biyu, karɓar mafita ɗungurungum daga bakin wani. "Kashe mijin kawai, labari zai tafi." Sai ka kashe shi, labarin ya ɗan motsa, ya sake tsayawa, yanzu kuma a hanyar da ba ka san inda ta nufa ba. Haba! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ma manya da ke raba irin wannan shawara, ku ji tsoron Allah. Yaro ya kawo muku damuwarsa, kuna rubuta naku littafin da hannunsa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka kai wa wanda yabo kaɗai ya iya. Kada hira a kan rubutu a zauren WhatsApp ta cinye lokacin rubutun. Kada ka ɓoye cewa ka toshe don kunya, kusan kowa ya taɓa. Kuma ka karanta na wasu, mai karɓa kullum ana gajiya da shi.

Jiran ilhama kuwa, maganinsa a wurina zama tare. Mu biyu ko uku, ko ta waya, mu sa agogo minti 25 irin tsarin Pomodoro da Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980. Ba magana, ba goge layi. Agogo na bugawa kowa ya faɗi yawan abin da ya rubuta, mu huta minti 5, mu koma. Babu wanda ke karanta na wani sai an kai ƙarshen daftarin.