Yadda za ka riƙa tuna wa kanka abu da tes, da kuma inda manhaja ta fi shi amfani

Ranar da na gane manhajar jera ayyuka kaɗai ba za ta riƙe ni ba ita ce ranar da asibitin Hajiyarmu ya wuce ni. Tana ganin likita ne saboda hawan jini, an ba mu wata Talata, na rubuta a manhaja tsaf har da ƙarfe nawa, amma da ranar ta zo ina shago kwastomomi sun cika gabana, sanarwar ta shigo ta bi sahun sauran tarkacen da ke taruwa a saman waya, ban gan ta ba sai bayan Magariba. Da na je gida na tarar ta ajiye katin asibitin a kan dardumarta, mayafinta a ninke a gefe, ta ce min "Ai na shirya tun hantsi, na ce ko aiki ne ya riƙe ka." Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi rashin faɗan ya fi min ciwo. Tun daga nan na sake tsari.

Abin da na lura da shi shi ne manhaja sai ka tuna da ita ka buɗe ta, ko kuma ka kula da sanarwarta, alhali sanarwa ta yi mana yawa, ta Facebook, ta labarai, ta guruf ɗin 'yan ajinku, duk yatsa ɗaya muke sa wa mu share. Shi kuwa tes daban ne, waya na yin ƙara hannu zai kai aljihu saboda zuciya na raya maka ko alat ne. To wannan ɗabi'ar da ta riga ta zauna a jikinmu ita za ka yi amfani da ita.

Idan Android gare ka kuma Google Messages kake tes da ita, abin ba wuya. Buɗe sabon saƙo, sa lambarka da kanka, in layi biyu ne a wayar ma ya fi daɗi sai ka tura daga ɗaya zuwa ɗayan. Rubuta abin da kake son tunawa, amma kada ka danna alamar turawa ka saki, danna ta ka riƙe ɗan lokaci, za ta fito maka da zaɓin rana da lokaci, ka zaɓa ka tabbatar, shikenan saƙon zai zauna yana jira. A manhajar saƙo ta Samsung kuma alamar ƙari ɗin nan da ke gefen wurin rubutu za ka taɓa, a cikin abubuwan da za su fito akwai na tsara lokacin turawa. Masu iPhone sun samu irin wannan a iOS 18 da ta fito a 2024, sai dai nasu a iMessage yake aiki, ba zai je wa mai Android ko mai ƙaramar waya ba. Abu ɗaya da ya kamata ka sani, a Android wayarka ce ke tura saƙon idan lokaci ya yi, don haka in caji ya ƙare ta mutu ko kana inda babu sabis saƙon zai makara, sannan in babu kuɗi a layin ba zai fita ba. Kuɗin ba yawa, tes ɗaya da naira 4 ne ya koma naira 6 bayan ƙarin da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da shi a farkon 2025, ka dai bar ɗan canji a layin.

Yadda za ka rubuta saƙon yana da muhimmanci fiye da yadda mutane ke ɗauka. Kada ka rubuta "asibiti" kawai ko "adashe", domin in ya shigo kana cikin hayaniya sai ka tsaya tunanin me ma ake nufi, daga nan wani ya kira sunanka an wuce wurin. Rubuta shi kamar kana aiken yaro: "Tashi yanzu ka ɗauki Hajiya, kati yana cikin jakarta, a tafi da sauran maganin." Ko "Tura wa uwar adashe zubin wannan satin kafin Isha." Kuma ka sa shi ya shigo a lokacin da za ka iya yin abin, in sai ka yi tafiyar minti 40 kafin ka isa to tes ɗin ya zo kafin lokacin tashi, ba lokacin da ya kamata a ce kana can ba. Ni da lokutan salla nake auna nawa, don na san bayan an idar da La'asar dole in ciro waya kafin in koma shago, saboda haka yawancin saƙonnina wajen nan nake ajiye su. Don abu babba irin asibiti, saƙo biyu nake sawa, ɗaya daren jajibiri ɗaya da safe.

Ga wani abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa. Tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa ko ɗaya ne, ƙ ko ɗ ko ɓ, ko ka sa emoji, sai tsarin ya canza ya koma haruffa 70 kacal, abin da kake zaton saƙo ɗaya ne sai a cire maka kuɗin biyu ko uku. Ina son rubutu da ƙa'ida, amma a tes na tunatarwa k da d da b zalla nake sawa in taƙaita.

Inda tes ya yi wa manhaja fintinkau shi ne tuna wa wani. Hajiya ƙaramar waya ce a hannunta mai madannai, ba data ba komai, ba manhajar da za ta hau kanta, amma tes yana shiga lafiya lau. Yanzu duk ranar da aka ba mu a asibiti tun muna bakin ƙofa kafin in tada mashin nake tsara saƙo uku, nawa, na ƙanwata da ke zaune da ita, da na Hajiyar kanta wanda jikarta ke karanta mata. Haka nake yi wa tela idan Salla ta matso, haka yaron shago kan kayan da zai karɓo a tasha. Sai dai in babba za ka tura wa kar ka manta da sallama da gaisuwa, don shi bai san tun makon jiya ka rubuta ba, a wurinsa yanzu ka yi masa magana. Kuma in abin ya canza, misali an ɗaga ranar, ka koma ka goge saƙon da ke jira tun kafin ya fita ya rikita mutane.

To amma kar wani ya ji wannan ya je ya goge manhajarsa. Tes ba ya iya riƙe dogon lissafi, ba ka da inda za ka ga ayyukan sati gaba ɗaya a jere, ba ka iya sa alamar an gama, sannan abin da ke maimaituwa kamar kuɗin haya, kuɗin makarantar yara ko sabunta data duk wata sai ka yi ta sake tsara shi da hannu, ranar da ka manta ka sake shikenan ya ɓace. Wannan aikin Google Tasks ne ko Microsoft To Do ko Todoist, sau ɗaya za ka saita ya yi ta dawowa da kansa. Lissafin cefane da na masu bashi kuwa Google Keep ya ishe ka. In kana dogara da sanarwar manhaja ka shiga saitin batir ka cire mata takunkumi, don wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage saboda tattalin caji, sai lokaci ya yi ka ji shiru. Don shan magani na kullum kuma agogon ƙararrawa na waya ya fi duka biyun, ba ya neman sabis ba ya neman kati.

Wasu za su ce ai suna tura wa kansu saƙo a WhatsApp, tun ƙarshen 2022 aka sa wannan. Yana da kyau don ajiye hoton rasit ko lambar asusu, amma saƙon zama yake yi kawai ba ya taɓo ka. Telegram ce ke da na gaske, a wurin adana saƙonninka in ka danna alamar turawa ka riƙe za ta ba ka damar sa lokacin tunatarwa, sai dai ita kuma dole data ta kasance a kunne lokacin.

Tsarin da nake bi yanzu shi ne komai yana shiga manhaja tukuna, duk abin da ya faɗo min a rai can nake jefa shi. Da dare bayan Isha sai in buɗe in duba gobe, in tambayi kaina wanne ne in ya wuce ni zai jawo asara ko ɓacin ran wani, in ciro biyu ko uku in mayar da su tes. Kada su wuce haka, don in ka cika wa kanka tes goma a rana cikin sati ɗaya idonka zai saba ka fara share su kamar sauran. Saboda wannan dalilin ma yana da kyau ka rage saƙonnin talla da ke cika akwatin, a layukan Najeriya ka tura STOP zuwa 2442. Kuma kada ka taɓa sa lambar sirri ta banki ko BVN a irin wannan saƙon, yana fitowa a fuskar waya ko tana kulle, ga shi muna yawan barin waya a wurin mai caji.

Kafin ka ɗora wa tsarin wani abu mai nauyi ka gwada shi yau, tsara wa kanka saƙo na minti 5 masu zuwa, kulle wayar ka ajiye ta ka ga ko zai shigo da ƙara. In ya shigo shiru ka duba saitin sanarwa na manhajar saƙon ka ƙara masa sauti, in bai shigo ba sam ka duba kuɗin layi da kuma layin da ka zaɓa wurin turawa.