Idan an noma maka burtali, ga ƙofofin da za ka bi

Ni haifaffen Tawa ne a Nijar, amma uwata Bafulatana ce daga wajen Abalak, shi ya sa da kaka gidanmu ba ya rabuwa da baƙi masu sanda a kafaɗa. Bara kawuna ya sauko da shanu daga arewa, ya iske burtalin da yake bi tun yana yaro ya zama gonar gero. Ni na yi ta yawo da shi har aka buɗe, ga kuma yadda muka yi.

Da farko tsayar da garke. Na san zuciya za ta ce maka hanyar kakanni ce, ka kora kawai. Kada ka yi. Saniya guda ta tsinke zangarniya, magana ta tashi daga toshe burtali ta koma ɓarna, kai ne kuma za ka biya. Wanda ya san abin da ya faru a Toda ta jihar Maradi a 1991, inda aka kashe mutum fiye da ɗari a rikicin manoma da makiyaya, galibi mata da yara, ba ya wasa da wannan.

Sai ka ɗauki hoton wurin da waya, musamman turakun siminti in an taɓa kafawa. Ka nemi shaidu, kuma kada duka su zama danginka. Dattijo manomi guda da zai ce "nan hanyar dabbobi ce tun muna yara" ya fi ƴan rugga goma amfani a zaure.

Daga nan ka ɗauki ardonku ku tafi wurin maigari. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da muke ce ma kofo: akwai na ƙauye, na komin, da na departama, kuma makiyaya suna da wakili a ciki. Da yawa ba su ma san suna da shi ba. Ka tambayi ko wane ne, ka sa a kira shi.

Abin da ya fi komi shi ne takarda. Za a zauna, a yi nasiha, a ce "an gama, Allah ya ba da haƙuri", kowa ya shafa fatiha. Kada ka tashi hannu rabbana. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ba ka taka. In ba a daidaita ba, a rubuta ta rashin sulhu, don rigimar ƙasa sai ta bi ta hannun sarakai kafin alƙali ya saurare ta. Kawu ya ji nauyi, ya ce mini, "Ɗana, ta ƙaƙa zan ce ma sarki ya rubuta, kamar ban yarda da shi ba?" Na ce, "Kawu, sarki zai iya rasuwa, mai gonar kuma yana da ƴaƴa."

Ka riƙe dokoki biyu a ka. Ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne, kuma burtali da wuraren kiwo ba mallakar mutum guda ba ne. Ta 1961 kuwa ta shata iyakar noma daga arewa. Wanda ya yi gona arewa da iyakar ba shi da diyyar ɓarna. Ka kuma kasa kunne a rediyo don jin ranar da hukuma ta tsaida ta sakin gonaki ga dabbobi bayan girbi, kada ka dogara da "an ce".

In an kama maka dabbobi, a ƙirga su gaban shaidu, kuma ko dala ka biya ka karɓi takardar shaida. In kuwa an kai ga duka ko jini, wannan ya wuce zaure: likita tukuna don takardar rauni, sannan jandarma. Ƙungiyar makiyaya ta AREN ma tana taimakawa da shawara.

Namu ya ɗauki sati uku. An bar mai gona ya yanke geronsa, kawu ya zagaya ta nesa a wannan shekarar, aka rubuta cewa ba za a sake shuka wurin ba. Takardar tana ƙunshe cikin leda a jakarsa, kwafi guda kuma yana ɗakina.