Yadda ake gwada harbin kwari da baka da jifan gatari da wuƙa a wurin shaƙatawa

Kwari da baka tsohon kaya ne a ƙasar Zazzau, domin har yau akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwa da dama, kuma mafarauta suna fitowa da su lokacin bukukuwa. Abin da ya zo daga baya shi ne mayar da harbi da jifa wasan da baƙo zai biya kuɗi ya gwada na awa ɗaya. Jifan gatari a matsayin wasan gasa ya bunƙasa ne a birnin Toronto na ƙasar Kanada tun daga shekarar 2006, shi kuwa harbin baka ya koma cikin wasannin Olamfik a 1972, inda a yanzu ake harbi daga nisan mita 70. Mai koyo ba ruwansa da wannan nisa, kuma ƙarfi ba ya cikin abin da ake nema a wurinsa. Abin da ake so shi ne ya tsaya a tazarar da ta dace, ya maimaita motsi iri ɗaya.

Mataki na farko ana yin sa ne tun daga gida. Ka kira wurin da kake son zuwa ka tambaya ko akwai mai koyarwa da zai tsaya a kanka, da kuma abin da aka tanada a bayan allon da ake harbi, ko katanga ko tudun ƙasa. Idan babu ɗaya daga cikin biyun, ka fasa. Kada ka ɗauki wuƙa ko gatarinka, domin duk wanda ya saba bin hanyar Kachia ko ta Zariya ya san yawan shingayen bincike, kuma bayanin cewa wasa za ka je ba lalle ne ya gamsar da jami'in da ya buɗe but ɗin motarka ba. Ka sa takalmi sau-ciki, ka bar babbar riga a gida. Mace kuma ta cusa bakin mayafinta ko hijabinta yadda ba zai yi lilo a gaban ƙirji ba, saboda tsirkiya tana kama duk abin da ta tarar.

Ya fi kyau a fara da baka, tun hannu bai gaji ba. Kafin ka taɓa shi, ka gano idon da ya fi rinjaye a wurinka: ka miƙe hannuwa biyu, ka haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakani, ka kalli wani abu mai nisa ta cikinta, sannan ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gushe masa ba shi ne mai rinjaye, kuma da hannun wannan ɓangaren ya kamata ka ja tsirkiya. Ka nemi baka mai sauƙin ja, wanda nauyin jansa bai wuce kilo 7 zuwa 9 ba, ko da kana ganin kanka ƙaƙƙarfa, sannan ka ɗaura fatar da ke kare damtsen hannu.

Ka tsaya a kan layi kana ba allo gefen jikinka, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, nisan kuma kada ya wuce mita 10. Ka ɗana kibiya bakinta yana kallon ƙasa, ka riƙe tsirkiya da gaɓar farko ta yatsu uku, ka ɗaga bakan, ka ja a hankali har yatsanka manuni ya taɓa gefen bakinka. Wannan wurin da yatsa ke tsayawa shi ne sirrin harbin baki ɗaya, domin idan a wannan harbin ya tsaya a gefen baki, harbi na gaba kuma ya tsaya a kunci, kibiyoyin za su watse ko da saitinka bai canza ba. Sakin ma ba fizga ake yi ba, sassauta yatsu kawai ake yi tsirkiyar ta zame da kanta, kuma kada a sauke bakan sai kibiya ta isa. Masu koyo sukan damu da rawayen da'irar da ke tsakiyar allo, alhali kibiya uku da suka taru wuri ɗaya a gefen allo sun fi ɗaya da ta faɗa tsakiya bisa sa'a. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa shi ne sakin tsirkiya babu kibiya, domin hakan yana iya tsaga bakan a hannunka.

Daga nan sai gatari. Ana tsayawa kusan mita 3 da rabi daga allon katako mai taushi, a riƙe ƙota daga ƙarshenta da hannu biyu, a kai ta bayan kai, a dawo da ita gaba a sake daidai tsayin ido ba tare da karya wuyan hannu ba. Gatarin zai juya sau ɗaya da kansa. Idan ƙota ce ta fara bugun allo, juyin bai cika ba, sai ka ja baya kaɗan. Idan kuwa saman kan gatarin ne ya buga, juyin ya zarce, sai ka matso gaba. Rabin taki ya isa gyara. A lokacin hunturu katako yakan bushe ya ƙi karɓar kaifi, saboda haka ka roƙi a yayyafa wa allon ruwa.

Wuƙa ta fi su wuyar sha'ani, shi ya sa ake barinta ƙarshe. Wuƙar jifa tsini gare ta, ba ta da kaifi a gefe, don haka ana iya riƙe ta ta ruwanta a jefa daga kusan mita 2 ta yi rabin juyi, ko a riƙe ta ta ƙota daga kusan mita 3 ta yi cikakken juyi. Wadda ba ta kafe ba takan yi tsalle ta dawo, sai ka kauce mata, kada ka kai hannu.

A duka ukun, ba a tsallake layi don ɗauko kaya sai mai koyarwa ya ba da izini kuma kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Wurin cire kibiya, ka dafa allo da hannu ɗaya, ka kama ta kusa da inda ta shiga, ka waiwaya ka tabbata babu kowa a bayanka, sannan ka zare ta a miƙe don kada ta lanƙwashe.