Kurakuran da masu koyo suka fi yi wajen duba modem na layin waya da direbansa

Har yanzu akan kawo mini tsofaffin kwamfutoci masu Windows XP, waɗanda wasu ofisoshi ke riƙe da su don aika faks ta layin waya, kuma kusan duk yaron da ya zo koyon gyara a wurina, da zarar an ce modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, ya ƙi kira, sai ya rufe ido ya kama canza direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya sarrafa modem ɗin. Na faɗa har bakina ya gaji, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Kuskuren farko shi ne taɓa abu kafin a dube shi. A buɗe Device Manager, wato wurin da Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, a nemo modem ɗin, a shiga Properties, sannan a je shafin Driver, inda aka rubuta sunan kamfanin da ya yi direban, da kwanan watansa, da lambar sigarsa. Ni al'adata ita ce in kwafe waɗannan abubuwa uku a takarda in manna a jikin kwamfutar, domin wanda bai san sigar da ke ciki ba, ba shi da hanyar sanin ko wadda ya sauko da ita sabuwa ce ko ta girmi ta ciki. Daga nan a je shafin Diagnostics a danna Query Modem. Idan amsoshi suka fito a gaban ATI1, ATI3 da 'yan uwansu, wato tambayoyin da kwamfuta ke aika wa modem, to kwamfuta da modem suna jin juna, kuma mai yiwuwa matsalar ba ta direba ba ce tun farko.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne cire tsohon direba alhali babu kwafinsa a hannu, domin ni ma ya taɓa cin kuɗina da mutuncina. A shekarar 2004 wani dattijo mai harkar fatu ya kira ni ofishinsa saboda layinsa na yawan katsewa. Ban tambayi faifan da ya zo da modem ɗin ba, ban kwafe komai ba, na cire direban da niyyar sauko da sabo. Sai da kwamfutar ta sake tashi na tuna cewa modem ɗin da na kashe shi kaɗai ne ƙofar intanet a ofishin gaba ɗaya. Aka nemi faifai aka rasa. Kwana uku ina zarya tsakanin ofishin da shagon intanet, ɗauke da ɗan faifan nan na filofi da ba ya cin abin da ya wuce megabayit 1.44, alhali direban ya fi haka girma. Dattijon bai ɗaga mini murya ba, abin da kawai ya ce shi ne: "Yaro, da ka bar shi yana katsewa, da aƙalla wasiƙata ta tafi." A ƙarshe da kuɗin aljihuna na sayo masa wani modem. Saboda haka duk yaron da na ga ya kai hannu kan Uninstall ba tare da ya ajiye tsoho da sabon direba a gefe ba, nan take nake tashe shi daga kan kujera. Masu cewa ai akwai Roll Back Driver, maɓallin dawo da tsohon direba, su sani cewa wannan maɓalli yana aiki ne idan an ɗora sabo a kan tsoho. Wanda aka cire da hannu ba ya dawo da shi, kuma Windows 98 ma ba ta da maɓallin kwata-kwata.

Na biyunsa a muni shi ne neman direba da sunan da ke jikin kwali. Yawancin modem masu araha da ake sokawa cikin kwamfuta ba su da cikakkiyar ƙwaƙwalwa tasu, direba ne ke ɗora aikin a kan kwamfutar, don haka direban da bai dace ba yana iya daskarar da injin gaba ɗaya. Sunan kwali na mai sayarwa ne. Abin dubawa shi ne baƙin guntun nan mai kusurwa huɗu da ke tsakiyar katin modem ɗin, wanda galibi Conexant ne ko Lucent ko Motorola ko PCTel suka ƙera shi. A kashe wuta, a buɗe kwamfutar, a karanta lambar da ke kansa da fitila. Wanda ba ya son buɗewa ya duba Hardware Ids a shafin Details: VEN_14F1 na Conexant ne, VEN_11C1 kuwa na Lucent, wanda sashensa mai ƙera waɗannan guntaye daga baya ya koma Agere. Abin takaici ne a ga mutum ya jera direbobi biyar yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai caca, alhali duban minti biyu ya wadatar.

Akwai kuma masu murna idan suka ga an rubuta 115,200 bayan sun sabunta direba, har su je suna yi wa mai kaya albishir. Wannan saurin da ke tsakanin kwamfuta da modem ne, ba na layi ba. Ƙa'idar saurin modem ta V.90 ta shekarar 1998 iyakarta kilobit 56 a daƙiƙa wajen saukowa da 33.6 wajen aikawa, V.92 da ta biyo baya ta ɗaga na aikawa zuwa 48, kuma layin da ke da ƙara ba ya kaiwa ko kusa da haka. Kafin a zargi direba, a jona wayar tarho a saurari layin da kunne. Idan ana jin ƙaraf-ƙaraf, gyaran na waya ne.

Sauran ƙanana ne. Kada a soka igiyar wayar da ta fito daga bango a ramin Phone na modem, wurinta ramin Line ne. Lambar kuskure 680 tana nufin babu sautin layi, 691 kuwa suna ne ko kalmar sirri ba daidai ba, kuma babu ɗayansu da sabon direba ke warkarwa. Bayan sabuntawa a koma shafin Advanced a tabbatar ƙasar da aka zaɓa ba ta sauya ba. Idan kuwa modem yana aikinsa lafiya, ni ba na sabunta shi ko da sabuwar siga ta fito, ko da yake na san abokan sana'a da ba su yarda da ni a kan haka ba.

Da damina kuma, idan aka kawo modem da ya yi shiru washegarin hadari, a fara sansana katin kafin a buɗe wani shafi. Tsawa takan biyo layin waya ta ƙone shi, wani lokaci har Query Modem ya ci gaba da amsawa alhali ɓangaren da ke karɓar layi ya mutu. Irin wannan sai dai a sake kati, a kuma gaya wa mai shi ya riƙa zare igiyar wayar da zarar gabas ta yi baƙi.